Shanshani a Rijiyar Malam Jaji

Daga Tsangayar Jaji, kusa da Makoɗa, watan Zulƙida, 1282

Da sunan Allah nake farawa. Daga Falta 'yar Malam Jaji zuwa ga ƙanena Kallamu, mai neman ilimi a Kukawa. Gaisuwa da fatan alheri. Inna Amsa tana nan lafiya, sai gwiwa da ke damunta in za ta tashi daga sallah. Mijina Nababa yana gaishe ka. Zafin bana ya yi yawa, kaji ma baki buɗe suke yini a inuwa.

Bayan haka, ba gaisuwa ce ta sa na nemi takarda ba. Shekara tara ke nan da tafiyarka, wasiƙunka uku kacal muka gani, kuma duk ukun labarin tsutsa da fara ne. To yau ga ranar da karatun nan naka zai yi mana amfani, in yana da shi.

Ran Talata Kaltume matar mai gari ta ja guga a rijiyar Baba, sai ga shanshani matacce a ciki, tsawonsa ya kai taƙi guda. Ta zubar, ta sake ja, ta sha. Washegari ta kwanta da amai da gudawa. Bayan kwana uku ta miƙe, amma magana ta riga ta zaga gari.

Malam Tasi'u, wanda ke mana limanci tun rasuwar Baba saboda kai ka ƙi dawowa, ya ce shanshani maciji ne da Allah ya yi wa ƙafafu. Ya ce dukansu dogaye ne, dukansu suna da dafi, dukansu suna saɓa. Ya ce mushen maciji najasa ne, dafinsa kuma ya narke cikin ruwan. Mai gari ya sa an rufe bakin rijiyar da itace da ƙaya, yana son a cika ta da ƙasa.

Inna ta ɗauki sandarta ta tafi har zauren mai gari. Ta ce masa, "Rijiyar da mijina ya haƙa da hannunsa shekarar da muka zo daga Barno, gaba goma sha huɗu, ba za a binne ta a kan maganar mutum ɗaya ba. Ina da ɗa a Kukawa." Mai gari ya ji nauyinta, ya ce zai jira amsarka, abin da ka faɗa shi za a yi.

Yanzu ruwan tafkin bayan gonaki muke sha, inda jakuna ke shiga har ciki. Kore ne shar, sai an bar shi ya kwanta kafin a iya kai shi baki.

Tambayata ɗaya ce. Shanshani maciji ne ko ba maciji ba? Rijiyar tana da tsarki ko ba ta da shi? Umara mai fataucin kanwa zai kawo maka wannan, shi zai dawo da amsa. Ka amsa mini da kalma ɗaya, Kallamu. Kada ka yi mini wa'azi.

Yayarka, Falta.

Daga Kukawa, watan Muharram, 1283

Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Daga Kallamu ɗan Malam Jaji zuwa ga yayata Falta. Na amsa gaisuwa. Ki durƙusa mini gaban Inna, ki ce ta riƙa shafa man shanu mai ɗumi a gwiwar. Ni ina lafiya, sai zazzaɓin bakin ruwa da ke zuwa yana komawa.

Bayan haka, wasiƙarki ta ƙona mini rai. Shekara tara kuna kirana malamin ƙwari. Har nan labari ya iso ni cewa a gida in mutum ya tsaya yana kallon ƙasa sai a ce ya yi gadon Kallamu. Yau buƙata ta taso, kin ce in amsa da kalma ɗaya kamar mai sayar da daddawa. Ba zan yi ba. Amsar da ba ta da hujja, gobe wani Tasi'un zai rushe ta.

Ki saurara. A feɗe maciji, za a ga ƙashin baya tun daga kai har wutsiya, a ga haƙarƙari, a ga jini ja yana gudu. Danginsa ƙadangare ne da damo, can nesa kuma kwaɗo da kifi da akuya, har ni da ke. Duk mu masu ƙashi ne a ciki. Shanshani ba shi da ƙashi ko ɗaya a cikinsa. Taurinsa a waje yake kamar sulke, ƙafafunsa gaɓa-gaɓa, in an yanka shi ba jini sai wani ruwa-ruwa fari. Tasi'u ya ce dukansu suna saɓa. Maciji fata kawai yake tuɓewa, ƙashinsa na nan. Shanshani kuwa sulkensa gaba ɗaya yake fita daga ciki, har da na ƙafafu, ya zauna da laushi sai sabon ya yi tauri. Haka fara take yi. Haka ƙaguwa take yi, na gani da idona a bakin Cadi, wani masunci ya ɗauka aljani ne ya cinye ta ya bar kwanso.

Waɗannan masu sulken gida ɗaya ne, amma ɗakuna daban-daban, kuma da ƙirga ƙafa ake gane ɗakin kowa. Fara da gara da ƙuda da ƙudan zuma shida-shida ne, jikinsu kashi uku, yawancinsu da fiffike. Kunama da gizo-gizo takwas ne, ba fiffike. Kaska ma takwas ce in ta girma, ki cire ɗaya daga kunnen akuya ki ƙirga, ba 'yar'uwar ƙwarƙwata ba ce kamar yadda kowa ke cewa. Ƙaguwa goma. Sai masu ƙafafu ba iyaka: shanshani, biyu a kowace gaɓa, da ƙadandoniya, huɗu a kowace gaɓa. Ƙadandoniya ruɓaɓɓen ganye take ci, ba ta da cizo. Shanshani mafarauci ne, dafinsa yana cikin wasu ƙugiyoyi biyu a ƙarƙashin kansa. Don haka shanshani ɗan'uwan kunama ne, ba na maciji ba.

Kada kuma ki ce duk abin da ba shi da ƙashi ɗan gidan nan ne. Dodon koɗi gidansu daban, su masu laushi ne da ke goye da ɗakinsu, shi da bawon kogin da kuke kankare tukunya da shi. Tsutsotsi ma gida biyu na gani. Tanar cikin ƙasa da matsattsaku jikinsu zobe-zobe ne. Tsutsar ciki da kurkunu sumul suke kamar zare. Ita kuwa koriyar tsutsar da ke cin ganyen wake ba tsutsa ba ce sam, 'yar malam-buɗe-littafi ce, ki duba kusa da kanta za ki ga ƙafafu shida. Na ajiye ɗaya cikin ƙoƙo kwana goma sha biyu har ta fito da fiffike. Ni a ganina Allah ya tsara su zuriya-zuriya, kamar yadda kike ganin Babarbare a kasuwa ki gane shi tun kafin ya yi magana. Littafin da nake rubutawa ke nan, kuma babu wanda ya riga ni a garin nan.

Game da rijiya kuwa, ga amsa da harshen littafi, a kai wa Malam Tasi'u ya karanta in zai iya: walhukumu zahir.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki, Kallamu.

Daga Tsangayar Jaji, watan Rabi'ul Awwal, 1283

Da sunan Allah. Daga Falta zuwa ga Kallamu. Muna lafiya, damina ta kankama, gero ya kai gwiwa. Inna tana nan.

Takarda huɗu ka aiko. Na karanta su sau uku ina neman kalma ɗayar da na roƙe ka, ban same ta ba sai ƙafar kaska. Da na zo ƙarshe kuma sai ka juya Larabci, alhali ka sani ni Baba ajami da Alƙur'ani ya koya mini, bai kai ni littattafan hukunci ba. Dole na ba Nababa ya kai wa Malam Tasi'u, tunda haka ka ce.

Bayan sallar Juma'a ya karanta a ƙofar masallaci, Nababa yana wurin. Ya ɗaga takarda ya ce, "Ku ji ɗan Malam Jaji da bakinsa. Shanshani mafarauci ne, dafinsa yana cikin ƙugiyoyi biyu. Shanshani ɗan'uwan kunama ne." Mai gari ya ce, "To hukuncin fa?" Ya ce, "Ya rubuta walhukumu zahir, wato hukuncin a bayyane yake, ba ya buƙatar dogon bayani. Wa zai sha ruwan da kunama ta narke a ciki?" Nababa ya ce, "Malam, akwai saura a takardar." Ya ce, "Sauran labarin tsutsa ne, kana son in karanta wa jama'a?" Aka yi dariya.

Kwana uku aka yi ana zuba ƙasa da duwatsu. Inna ta fito ta zauna a gindin kukar da ke kusa da rijiyar tana kallo, daga farko har ƙarshe. Da aka gama sai ta ce mini, "Ni na ce ina da ɗa a Kukawa." Kwana biyu ba ta taɓa tuwo ba.

In rijiyar ta lalace da gaske, to Allah ya ƙaddara. Amma da ka faɗa mini da Hausa, da ni zan gaya wa Inna a ɗaki a hankali, ba ta ji a bakin mutane suna dariya ba. Kai dai so kake a san ka iya. An sani.

Falta.

Daga Tsangayar Jaji, watan Safar, 1284

Da sunan Allah, Shi ne mai warkarwa. Daga Falta zuwa ga Kallamu. Ba zan ce muna lafiya ba, don ƙarya ce.

Wata goma sha ɗaya ban ga amsarka ba. Ko fushi kake, ko kana can kwance a ƙasa kana ƙirga ƙafar kiyashi, ban sani ba.

Kurkunu ya sauka a garin nan. Gida ashirin da uku ne a Tsangaya, gida biyar kawai ya bari. Tun da Baba ya haƙa rijiya ba mu san shi ba sai a ƙafar baƙi. Yanzu ga ruwa ya zuba, ga ciyawa ta taso, maza suna kwance a zaure da tsinke ɗaure a ƙafa, kullum a naɗe ɗan abin da ya fito. Nababa kurkunu uku ne a ƙafarsa ta dama, ɗaya a gwiwa. Mutumin da ke noma kunya ɗari kafin rana ta take, yau da rarrafe yake fita bayan gida. Jiya na same shi ya kai bakin gona da jan gindi, fartanya a hannu, yana noman abin da hannunsa ya iso. Na ce, "Don Allah ka koma." Ya ce, "In na koma me za ku ci?" 

Ni da Kaltume da sauran matan da ke iya tsayawa mu muke noma. Ba mu kai rabin gonaki ba, ciyawa ta fi geron tsawo.

Inna ma ya fito mata a idon sawu. Ta ce yana mata zafi kamar an ɗora garwashi, ba ta samun sauƙi sai ta tsoma ƙafar a ruwa. Ba ta da haƙurin naɗi, kullum sai na kama hannunta tana son ta ja.

Tsofaffi suna cewa ruwan tafki ne. Na sake ɗauko wasiƙarka, sai ga kurkunu a ciki, ka ce sumul yake kamar zare. Ashe ka san shi. Na gaya maka da hannuna cewa tafki muke sha. Ka sami wurin da za ka ba ni labarin masunci da ƙaguwa, ka sami kwana goma sha biyu na zaman jiran malam-buɗe-littafi, amma ba ka sami layi ɗaya da za ka ce, Yaya, ku yi hankali da tafkin nan ba. Wane irin ilimi ne wannan, da ya san dangin kowace tsutsa bai san nasa ba?

Ka amsa ko kada ka amsa.

Falta.

Daga Kukawa, watan Rabi'us Sani, 1284

Da sunan Allah. Daga Kallamu zuwa ga Yaya Falta. Allah ya ba Inna da Nababa da duk mutanen Tsangaya lafiya.

Wasiƙunki biyu rana ɗaya suka zo mini. Umara ya bi ta Adamawa bara, ta farkon ta shekara a cikin jakarsa. Ba fushi ya hana ni amsa ba. Yanzu ne nake fushin.

Wa ya ce zahir? Ɗahir na rubuta! Walhukumu ɗahir, wato hukuncinsa mai tsarki ne, daga ɗahara da kike ji kullum a babin alwala. Harafin farko na kalmomin nan biyu siffarsu ɗaya, ɗigo guda ne a sama ya raba su. Ni ban sa ɗigo ba. Ko ƙuda ne ya yi kashi a wurin, ko Tasi'u ne ya ɗiga da alƙalaminsa don kada a ce ɗan Malam Jaji ya ƙaryata shi. Na fi zargin na biyun.

Duk wanda ya zauna gaban malami shekara ɗaya ya san cewa abin da ba shi da jini mai gudu, mushensa ba najasa ba ne. Fara, ƙuda, kunama, shanshani, duk ɗaya. Saboda haka na tsaya na nuna miki ba shi da jini, na nuna miki danginsa. Ba surutu nake yi ba, hujja nake ginawa. Dafinsa kuma sai ya soka a fata yake aiki, ba ya lalata rijiya mai gaba goma sha huɗu. Amai da gudawar Kaltume a tukunyarta za a nemi dalilinsu. Kuma ko da maciji ne da gaske ya mutu a ciki, kwashe guga ake yi har ruwa ya sake, ba binne rijiya ake yi ba. Wane littafi ne ya ce a binne? In akwai, Tasi'u ya nuna mini shi.

Ke ma, Yaya, kina da naki. Kin karanta sau uku cewa ba shi da jini, me ya hana ki tambayi wani malamin a Makoɗa, tafiyar hantsi guda? Kun raina karatuna shekara tara, shi ya sa da kuka gan shi a takarda kuka tsallake.

Maganar tafki, ban musa ba. Ban san yadda kurkunu ke shiga jiki ba, amma na lura a nan cewa masu shan rijiya ba su cika samunsa ba. Na ɗauka kwana arba'in za ku yi kuna shan tafkin, shi ya sa ban tsaya a kansa ba.

Ku tone rijiyar, yau ba gobe ba. Ki hana Inna ja, in ya tsinke a ciki ƙafar za ta kumbura. Ki sa farce ki kankare ɗigon nan a gaban mai gari, kowa ya ga wanda ya yi ƙarya.

Ina so in zo, amma saura babi uku in kammala littafin, kuma malamina ya tsufa. In na gama zan taso.

Ƙanenki, Kallamu.

Daga Tsangayar Jaji, watan Sha'aban, 1284

Da sunan Allah, wanda gare shi muke kuma gare shi za mu koma. Daga Falta zuwa ga Kallamu. Ka zauna kafin ka karanta.

Wasiƙarka ta zo ana yankan ɗan geron da ya tsira. Na yi abin da ka ce. Na ɗauko takardarka ta fari, na fita hasken rana, na sa farce a kan ɗigon. Bai fita ba. Kashin ƙuda na san shi, da an taɓa yake tashi. Na jiƙa yatsa na shafa, sai ya baje ja-ja kamar sauran rubutunka. Tawadar Malam Tasi'u baƙa ce wuluk, ta gawayi da ƙaro. Wannan jar tawadar Barno ce. Daga alƙalaminka ya ɗiga, Kallamu. Kana can kana sauri ka ci wa mutum fuska, ba ka tsaya ka duba abin da ka rubuta ba.

Amma ban tsaya a nan ba. An kashe maciji a gindin rumbunmu, na ce kada a jefar. Na ɗaga turmi na sami shanshani, na danne shi da muciya. Na aika aka kira mini mai gari da Malam Tasi'u zuwa zauren Baba. Na yafa mayafi na fito da faifai biyu da wuƙa. Mai gari ya ce, "Falta, lafiya?" Na ce, "Ranka ya daɗe, gani ya kori ji."

Na tsaga macijin, jini ya zubo, ga ƙashin baya. Na tsaga shanshanin, ba jini, ba ƙashi, sai ɗan ruwa fari. Na ce, "Allah gafarta Malam, abin da ba shi da jini mai gudu, in ya mutu a ruwa, mene ne hukuncinsa?"

Ya daɗe yana kallon faifan. Sannan ya ce, "Mai tsarki ne. A zauren nan mahaifinki ya karantar da ni."

Na ce, "Ƙanena ya rubuta cewa ba shi da jini. Me ya sa ba ka karanta wa mutane wurin ba?"

Ya ce, "Na ga wurin. Na kuma ga inda ya ce in karanta in zan iya. Da na zo ƙarshe na ga ɗigo, sai na ji daɗi, na karanta ɗigon na bar sauran." Ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. Mai gari ya buɗe baki zai yi faɗa, na ce masa shi ma da kansa ya ɗauki kwandon ƙasa na farko. Ni ma da na taka zuwa Makoɗa na tambaya, kamar yadda ka ce, da ba haka ba. Wannan na karɓa. Kowa ya ɗauki nasa.

Washegari Malam Tasi'u ya tuɓe rawani, shi ya fara sara. Shi ma da kurkunu a ƙafarsa, da tsinkensa ɗaure. Maza shida ne kawai ke iya shiga rami, mu mata muna jan kwanduna. Kwana goma sha tara muka yi.

Inna ba ta ji maganata ba, ba ta ji taka ba. Ran kwana na takwas ina wurin rijiya ta ja shi, ya tsinke. Ƙafar ta kumbura har cinya. Kullum da yamma sai ta tambaye ni, "Gaba nawa yau?" In faɗa mata. Da muka kai gaba goma sha ɗaya sai wuyanta ya sandare, haƙoranta suka fara datsewa, kunu ma da tsinke nake ɗiga mata. Kafin bakin ya rufe gaba ɗaya ta ce, "Ki gaya wa Kallamu ban riƙe shi da komai ba." Na ce, "Ni na riƙe shi." Ta ce, "Ke kika sani."

Ran Alhamis da hantsi ta cika. Da azahar ɗin ranar ruwa ya ɓullo a ƙasan rami. Malam Tasi'u ya fito jikinsa duk laka ya ce a dakata da jana'iza. Muka kwashe har ya tsaya garau. Gugan farko da ya fito fes, da shi muka yi wa Inna wanka. An binne ta kusa da Baba kafin magariba.

Yanzu saura maganar masu rai. Hatsin da muka samu ba zai kai mu bazara ba, sai an haɗa da wake da ganye. Gwiwar Nababa ta warke a lanƙwashe, maɗora biyu sun duba sun ce haka za ta zauna. Ba zai ƙara riƙe garma ba. Kuma tunda bana ma tafki muka sha har kaka, tsofaffi sun ce mu sa ran kurkunu zai sake dawowa baɗi, daidai lokacin noma.

Ka ce saura babi uku. Ban ce ka ƙona littafinka ba. Da abin da ke cikinsa na tsaya gaban maza biyu na rufe musu baki, wannan gaskiya ce kuma na faɗe ta. Ka naɗe shi ka zo da shi, tsutsa ba ta ƙare a Tsangaya ba. Amma gonar Baba tana buƙatar namiji mai ƙafa biyu kafin ruwan shuka, kuma kai kaɗai ne ka rage mana da ba ka sha tafkin nan ba. Umara zai taso daga Kukawa bayan ƙaramar sallah, na riga na gaya masa ya bar maka jaki ɗaya. Kada ka aiko mini da takarda, ba zan buɗe ba.

Ban yafe maka ba tukuna. Ka zo. Wataƙila in na gan ka a tsakiyar gona, laka har gwiwa, in iya.

Yayarka, Falta.